Ganyen fayin ya sauya launi: a tona gindi kafin a ɗauko famfon feshi

Wanda ya dasa itacen fayin (pine da Turanci, mai ganye kamar tsinke) a ƙasa da niyyar wata rana ya tone shi ya mayar da shi bonsai, wato ƙaramin itacen ado da ake raino a faranti, shekara uku zuwa biyar yake yi yana jiran gindi ya yi kauri. A cikin tukunya wannan kaurin yana iya cin shekara goma sha, shi ya sa ake fara sakin itacen a ƙasa ya ci ya ƙoshi, daga baya a rage masa tsawo a koya masa zaman faranti. To ranar da mai itacen ya fito da safe ya tarar ganye ya koma ruwan ɗorawa ko ja, dole hankalinsa ya tashi, kuma abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne shagon maganin gona. A ganina nan ne kuskuren yake farawa. A ƙasar Zariya, yawancin fayin da ke sauya launi ciwonsa a ƙarƙashin ƙasa yake, ganye shaida kawai yake bayarwa. A feshe ganye alhali saiwa na ruɓewa, an bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Kafin komai, tabbatar da cewa fayin ɗin ne a hannunka. Masu sayar da furanni a bakin titi sukan kira kasuwarina da sunan fayin, wato dogon itacen nan mai fito idan iska ta kaɗa, wanda ake jerawa a makarantu da gidajen gwamnati. Ba danginsu ɗaya ba. Ciro sili ɗaya ka ja shi. Idan ya rabu gaɓa-gaɓa kamar ƙaramar gora, kasuwarina ce, kuma abin da kake gani siraran rassa ne, ba ganye ba. Fayin na gaskiya tsinkayen ganyensa a ɗaure suke fitowa, biyu ko uku ko biyar a cikin ɗan kube guda, kuma idan ka murza su za ka ji ƙanshin ƙaro. Wanda aka fi samu a wajenmu shi ne Pinus caribaea, mai tsinke uku a yawancin ɗauri, tsawonsu santimita 15 zuwa 25, sai Pinus oocarpa mai biyar. Su ne aka gwada a gandun daji na Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunukan Jos, kuma tashar binciken dazuzzukan savanna da ke nan Samaru ta yi aiki a kansu. Asalinsu Amurka ta Tsakiya ne. Zariya, da ruwanta na kusan milimita 1,000 a shekara da rani na wata shida, a bakin iyakar abin da za su iya jurewa take. Wanda kuma ya yi odar irin farin fayin na Japan ta intanet ya sani cewa wannan itace yana buƙatar sanyi mai tsanani don ya yi barcin shekara, hunturunmu bai kai masa ba, zai yi ta rama ne har ya tafi, kuma babu maganin da zai sauya hakan.

Akwai halaye biyu na fayin da duk binciken ya rataya a kansu. Na farko, tsinken da ya bushe ya koma ruwan ƙasa ba ya sake yin kore har abada, saboda haka nasarar magani a sabon toho ake ganinta, ba a tsohon ganye ba. Na biyu, fayin yana jinkirin nuna ciwo. Saiwa za ta iya mutuwa yau, ganye ya ci gaba da zama kore mako huɗu ko shida. Idan ka ga launi ya sauya a watan Oktoba, tambayi kanka me ya faru a Agusta.

Yanzu ja da baya kamar taku biyar ka dubi itacen gaba ɗaya, kada ka fara da ɗaukar tsinke guda. Abin da kake nema shi ne wurin da launin yake. A ciki ne kusa da gangar itacen, ko a bakin rassa? Daga ƙasa ya faro yana hawa, ko daga ƙololuwa yana sauka? Gefe ɗaya ne, ko ko'ina? Sannan matso ka bi reshe guda daga bakinsa zuwa ciki. Ganyen da ke baki shi ne na bana, wanda ke bayansa na bara, na can ciki na bara waccan. Idan na can ciki ne kaɗai suka yi rawaya bai ɗaya, daga gindin tsinke har bakinsa, babu ɗigo babu zobe, kuma suna zubowa da ka shafa su, alhali na baki kore ne shar, to kwantar da hankalinka. Kowane tsinke shekara biyu zuwa uku yake yi ya faɗi, kuma a nan yawancin zubar tana zuwa ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ba cuta ba ce. Tsefe su da yatsu don haske ya shiga ciki, domin a ciki ne kake fatan samun ƙananan tohon da za su zama rassan bonsai ɗinka.

Idan abin ya taɓa ganyen bana, dubi idon toho da ke bakin kowane reshe. Mai lafiya yana da tauri, a cike yake, idan ka tsaga ɗaya da reza cikinsa kore ne mai danshi. Wanda ya yamutse ya bushe, ko ya gutsure da ka taɓa, reshensa ya tafi ko yana hanya. Kankare ɓawo kaɗan da farce a ƙasan reshen: kore da ɗan ƙaro alamar rai ne, ruwan ƙasa a bushe kuwa mutuwa ce. Bi reshen kana kankarewa har inda kore ya fara, ka ɗaura zare a wurin. Bayan kwana goma ka dawo. Idan mutuwar ta wuce zaren, abin yana tafiya. Idan ta tsaya, ɓarnar ta riga ta faru ta wuce. Wannan zaren da hoton waya da ake ɗauka daga wuri ɗaya kowane mako sun fi tunanin mutum riƙe gaskiya.

Daga nan sai tono, kuma shi ne aikin da mutane suka fi ƙyuya a kai. Auna kamar santimita 30 zuwa 40 daga gindi, ka haƙa ɗan rami da ƙaramin shebur ko dagi, zurfin kamu ɗaya da rabi. Ɗebo ƙasar ka damƙe ta, ka sansana. Ƙasa mai lafiya a ƙarƙashin fayin ƙanshin naman kaza take yi. Idan ta yi tsami ko warin kwata, ruwa ya kwanta a cikinta. Nemi ƙananan saiwoyi. Masu rai bakinsu fari ne ko ruwan madara, suna da ƙarfi idan ka ja. Ruɓaɓɓu baƙaƙe ne, kuma fatarsu tana saɓulewa tsakanin yatsu ta bar zare a tsakiya. Busassu kuwa karyewa suke yi kamar tsinken tsintsiya.

Kwanciyar ruwa ita ce babbar mai kashe fayin a Zariya, kuma dalilin yana cikin ƙasarmu. A wurare da yawa, daga Samaru zuwa Shika da Basawa, ƙasar sama mai laushi ce, amma a ƙasanta akwai laka mai tauri ko marmara. Mutum ya haƙa rami mai kyau, ya cika shi da taki da baƙar ƙasa, bai san ya yi wa itacen kwano ba ne. Da marka ta kankama a Agusta, ruwa ya cika kwanon ya rasa mafita, saiwa ta rasa iska, funfunar ruɓa ta shiga. A sama abin da za ka gani shi ne kore ya dushe ya koma ruwan toka-toka, tsinkaye sun saki jiki sun rataya, daga baya itacen duka ya yi ja kusan lokaci guda. Abin takaici, kamanninsa ɗaya da na ƙishirwa, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, sai mai itacen ya ƙara masa ruwa ya ƙarasa shi. Gwajin mai sauƙi ne: haƙa rami mai zurfin santimita 30 a gefe, cika shi da ruwa, bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. Idan ruwa na biyu yana sauka santimita biyu da rabi zuwa biyar a awa, ƙasar tana da kyau. Idan ka kwana ka tarar da ruwa a ramin, wurin bai dace da fayin ba. Taimakon gaggawa shi ne a yanka ɗan lambatu daga gefen gindin zuwa gangare don ruwa ya fita, a janye duk ƙasa ko ciyawar da aka tara a jikin ganga har a ga inda saiwa ta fara rabuwa. Gyaran gaske sai an ɗaga itacen an mayar da shi kan kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30, wadda aka cakuɗa da tsakuwa da yashin rafi mai kaushi.

Masu bonsai suna da wata dabara da ke ƙara wannan haɗari, kuma ya kamata a faɗe ta. Ana dasa itacen a kan tayil ko faffaɗan dutse da aka binne, don saiwa ta bazu gefe-gefe maimakon ta nutse. Dabara ce mai kyau, ita ke ba da gindin nan mai kama ƙasa da ake so. Amma itacen da ke kan tayil ba shi da doguwar saiwar da za ta bi danshi zuwa ƙasa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusan digiri 40, ƙasar da ke saman tayil ɗin tana bushewa cikin kwana biyu. Irin wannan itace ba a barinsa ya nemi na kansa kamar na daji. Alamar ƙishirwa da ƙunar iskar hunturu ita ce bakin tsinkaye ya bushe daidai wa daida, kamar an auna an tsoma su a ruwan makuba, gindinsu kore, babu ɗigo, kuma abin ya fi tsanani a gefen gabas da arewa inda iskar ke bugowa, ko gefen yamma da ranar la'asar ke dukansa. Ga itacen da gindinsa ya kai kaurin wuyan hannu, jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu a mako, a zuba a hankali ta shige, ta fi yayyafin kullum da ba ya wuce yatsa ɗaya. Kafin ka ba da ruwa, cusa yatsa ko tsinke santimita goma a ƙasar ka ga ko ta bushe. Rufe ƙasar da busasshen ganyen fayin ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da ganga saboda gara.

Tun da ramin yana buɗe, duba wani abu da ba a cika magana a kansa ba. A jikin saiwar fayin mai lafiya za ka ga farin zare ko mai ruwan ɗorawa kamar auduga, kuma ƙananan bakin saiwa sun kumbura sun rabu biyu kamar ƙaramar gwafa. Wannan funfuna ce mai amfani, masana suna ce mata maikoraiza. Ita ke jawo wa itacen ruwa da fosfaras daga ƙasa, shi kuma ya ba ta sukari. Fayin baƙo ne a ƙasarmu, irin funfunar da yake zama da ita ba ta cikin gonakinmu da ma, kuma a ƙasashen Afirka da dama dashen fayin bai kama ba sai da aka kawo ƙasa daga ƙarƙashin tsofaffin itatuwan da suka riga suka kafu. Itacen da ya rasa ta yakan tsaya cak, ganyensa gajeru, rawaya-rawaya, shekara ta zagayo bai ƙara komai ba, ka ba shi taki bai amsa ba. Maganinsa ba a shago yake ba. Nemi tsohon fayin mai lafiya, da izinin mai wurin, ka yaye busasshen ganyen sama, ka ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashi mai farin zaren, kamar cikin gwangwanin madara biyu ko uku. Kada ta sha rana, kada ta bushe. A ranar ka binne ta a ramuka huɗu kewaye da itacenka inda za ta taɓa saiwa, ka ba da ruwa. Farkon damina ya fi dacewa. Wanda bai san wannan ba, idan ya ga farin zaren sai ya ɗauka cuta ce ya kwarara maganin funfuna a gindi, ya kashe abin da ke ciyar da itacen. Don haka ban yarda da zuba maganin funfuna a ƙasar fayin ba sai an tabbatar da ruɓar saiwa.

A cikin ramin kuma za ka iya cin karo da gwazarma, farar tsutsar nan mai lanƙwasa da ke zuwa da takin shanun da bai ruɓe ba, tana cin ƙananan saiwoyi. Ko ka ga gara ta yi rufin ƙasa a jikin ganga. Gara ta fi samun itacen da ƙishirwa ta riga ta raunana, saboda haka bayan ka kore ta, nemi abin da ya fara kayar da shi.

Sai abin da hannun mutum ya jawo. Takin yuriya yana ƙona saiwar fayin, musamman idan aka zuba shi dunƙule kusa da gindi ko a busasshiyar ƙasa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu bakin duk tsinkaye, sabo da tsoho, zai yi ja. Kashin kaji ɗanye haka yake yi. Idan wannan ne, kwashe abin da ya rage a sama, ka yi ta zuba ruwa mai yawa kwana uku a jere don gishirin ya sauka, in dai ƙasar tana shanye ruwa. Maganin ciyawa shi ma ya zama ruwan dare, kusan kowane gida da fili ana feshe shi da damina. Mai ƙona ciyawa nan take, irin su farakwat, yana barin ɗigo-ɗigon ƙuna a gefen da iska ta kawo shi, a rassan ƙasa, kwana ɗaya ko biyu bayan feshi, kuma ɗigon ba ya yaɗuwa. Gilaifoset ya fi ɓoye kansa: sabon toho ne zai fito gajere, a murɗe, fari-fari, wani lokaci sai a tohon da ke biye. Famfon da aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki kada ya kusanci itacen ko an wanke shi. Ruwan wanki mai omo, fitsarin awaki idan ana ɗaure su a jikin itacen, da tokar murhu, duk suna ƙona bakin ganye. Ruwa ba ya tsami banza, tambayi mutanen gida abin da ake zubarwa a wurin.

Launin yunwa yana da nasa tsari, kuma shekarun ganye ne ke bambanta shi. Idan sabon ganye ne ya fito rawaya ko kusan fari, tsohon yana nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Ba wai babu shi a ƙasar ba, jar ƙasarmu cike take da shi. Ƙasar ce ta rasa tsamin da fayin ke so, wato ma'aunin pH 5 zuwa 6.5, sai itacen ya kasa ɗauka. A gidajen Zariya sababbin gini, dalilin kusan kullum ɓaraguzan siminti ne da aka binne a tsakar gida, ko dashe a jikin katangar bulo, ko toka. Ɗebi busasshiyar ƙasar a cokali ka ɗiga mata ruwan lemon tsami ko binega. Idan ta yi kumfa, akwai farar ƙasa ko siminti a ciki. Garin farar wuta giram 30 zuwa 50 a kowace murabba'in mita yana gyara ƙasar a hankali cikin watanni, amma idan ɓaraguzan sun yi yawa, sauya wa itacen wuri ya fi sauƙi. Idan kuwa tsohon ganye ne bakinsa ya yi ruwan zinare gindinsa kore, magniziyam ne ya yi ƙaranci, abin da ke faruwa a jigawa bayan ruwan sama mai yawa ya wanke ƙasa. Gishirin Epsom da ake samu a kantin magani, babban cokali ɗaya a lita huɗu na ruwa, a zuba a gindi sau ɗaya a wata har sau uku. Itacen da ya dushe gaba ɗaya, tsohon ganye ya fi dushewa, naitirojin yake nema. Ba shi kamfa 15-15-15 cikin kwalin ashana biyu, a warwatsa a da'ira nesa da ganga, a ƙasa mai danshi, a Yuni da kuma farkon Agusta. Gajerun tsinkaye masu ɗan shunayya a baki suna nuna ƙarancin fosfaras, wanda ƙasar savanna ta shahara da shi, kuma takin supa ne maganinsa, tare da duba funfunar saiwar da aka ambata. Akwai kuma ƙarancin sinadarin boron: ƙololuwa ta mutu da rani, ƙaro ya tsattsafo a idon toho, sabon reshe ya fito a karkace. Rabin ƙaramin cokali na boras, garin da ke ɗauke da boron, a bokitin ruwa mai lita goma, sau ɗaya a shekara, ya isa. Kada a ƙara, domin tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke ƙonawa tazarar kaɗan ce. Wanda yake son tabbaci, sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken aikin gona ta IAR duk a Samaru suke, ana iya kai ƙasa a auna. Ɗebo daga wurare huɗu kewaye da itacen, zurfin santimita 20, ka haɗa ka shanya a inuwa, rabin kilo ya wadatar.

Gwajin ƙwari minti biyu ne. Riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka buge shi sau uku. Jira kaɗan ka duba. Idan wasu ɗigo kamar ƙura sun fara tafiya, kuma da ka murje su suka bar jan layi ko kore, jan gizo-gizon nan ne mai tsotson ganye. Lokacinsa rani ne, ƙurar hunturu da ke kwanciya a ganye tana taimaka masa, kuma yana sa ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari kafin ya koma ruwan tagulla. Wanke itacen da ruwa mai ƙarfi daga ƙasa zuwa sama duk bayan kwana uku, sau huɗu. Idan bai ja baya ba, man darbejiya mililita biyar da ɗan sabulun ruwa a lita ɗaya, da yamma bayan rana ta yi sanyi. Yawancin magungunan ƙwarin da ake fesa wa wake ba sa kashe shi, maƙiyansa suke kashewa ya ƙara yawa. Farin abu kamar auduga a gindin tsinkaye, ko ganye mai danƙo da tururuwa ke hawa, darɓa ce ko danginta, man darbejiyar yana yi musu.

Sai yanzu muka iso ga cutar funfunar ganye, wadda kowa ke fara zargi. Tana da hatimi. Ɗauki tsinke ka duba shi a haske, ka kusanto da kyamarar waya. Funfuna ba ta ƙona ganye daidai wa daida. Ɗigo take yi, ko zobe mai kewaye tsinken, rawaya da fari sannan ja ko ruwan ƙasa, daga zoben zuwa baki ya mutu, gindin ya rage kore. A ɗauri guda wani tsinken ya kamu wani bai kamu ba, kuma tsawon mutuwar ya bambanta. Daga rassan ƙasa da na ciki take farawa, inda iska ba ta ratsawa, tana hawa sama da fantsamar ruwan sama. Mai jan zobe ita ce Dothistroma, wadda ta yi wa gandun Pinus radiata mummunar ɓarna a Gabashin Afirka a shekarun 1960. Wata kuma, Diplodia, sabon toho take kamawa: ya tsaya bai gama miƙewa ba, ya lanƙwashe, ya bushe da ƙaro a jikinsa, kuma idan ka zare tsinke daga kubensa za ka ga baƙaƙen ɗigo a gindi. Ita wannan ta fi son itacen da ƙishirwa ko rauni ya riga ya gajiyar. Don tabbatarwa, sa tsinkaye goma masu alamar a leda da ɗan tishu mai danshi, ɗaure, ajiye a inuwa kwana biyu zuwa uku. Idan funfuna ce, baƙaƙen ƙuraje za su ɓullo daga cikin fatar tsinken a kan zoben. Ka yi gwajin da ganyen da ke jikin itace. Wanda ya faɗi ƙasa kusan kullum akwai baƙaƙen ɗigo a jikinsa, na funfunar da ke cin mataccen ganye kawai, kuma wannan ba hujja ba ce.

Idan ta tabbata, fara da hannu. A ranar da babu ruwa, tsinke duk ganyen da ya kamu, share na ƙasa, ƙona su. Reshen da Diplodia ta kashe a yanke shi santimita biyar cikin lafiyayyen itace, ana goge almakashi da sifirit bayan kowane yanka. Sare ciyawar da ta kewaye shi, daina watsa ruwa ta sama. Sannan feshi: maganin funfuna mai jan ƙarfe, ko mankozeb, wanda galibi giram biyu zuwa biyu da rabi ne a lita, amma bi abin da ke jikin fakitin. Waɗannan magunguna kariya suke yi wa ganyen da bai kamu ba, ba sa warkar da wanda ya kamu, don haka lokacinsu shi ne sa'ad da sabon toho ke buɗe tsinkayensa a farkon damina, a maimaita duk kwana 10 zuwa 14 har ƙarshen Satumba. Feshi a Janairu a kan busasshen ganye asarar kuɗi ce. Shimfiɗa leda a gindi lokacin feshi don kada ya zuba kan saiwa, ka rufe hanci da hannu.

Ga mai bonsai, duk wannan yana komawa ga tambaya guda: a tone shi bana ko a bari? Idan tsohon ganye ne kawai ya zuba, ci gaba da shirinka. Idan ganyen bana ya taɓu, ko da idon toho yana da rai, ƙara masa shekara a ƙasa. Fayin babban aiki ɗaya yake ɗauka a shekara, ko yankan saiwa, ko sare ƙololuwa, ko lanƙwasa da waya, ba a haɗa masa biyu, balle yana jinya. Kada ka cire reshen nan da aka bari ya yi tsawo don ya kauraro gindi, ganyensa ne ke ciyar da saiwar da ke farfaɗowa. Kuma kada ka yanke reshe har ka wuce koren ganyensa na ƙarshe, domin fayin ba kamar tsamiya ko durumi ba ne, reshen da babu ganye a jikinsa ba ya sake toho. Abu ɗaya ne ke sa a tone marar lafiya da gaggawa, shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa kuma babu hanyar fitar da shi.

Sau da yawa ma launin daga shirin tonon yake fitowa. Wanda ya zagaye itacen da shebur ya datse saiwa duka a rana ɗaya, ko ya yi hakan a Nuwamba ana shiga rani, zai ga ja bayan wata guda. Ana datse rabin da'ira ne, a tazarar da ta kai kaurin ganga sau biyar ko shida, a watan Yuni bayan ruwa ya zauna, ɗaya rabin kuma a Yunin shekara mai zuwa. Ranar ɗagawa a bar aƙalla rabin tsohuwar ƙasar a jikin saiwa, kada a wanke ta da ruwa, a sa shi a akwatin katako mai ramuka da yawa cikin tsakuwa da yashi mai kaushi, a ɗaure shi da waya don kada ya motsa, a ajiye shi inda zai sami ranar safe kawai na mako uku zuwa huɗu, ba taki sai sabon toho ya motsa.